Idan Za A Yi Wa Mai Iyali Fiɗa A Kai

Jawabin kiwon lafiya na wannan wata, domin a karanta shi a cibiyoyin yaƙi da jahilci.

 

Maganar yau mai nauyi ce. Magana ce ta uba ko uwa da lokotoro ya ce sai an yi musu fiɗa a kai. A ƙauye, da an ji za a buɗe kan mutum, sai a fara kuka tun yana da rai. Wasu ma sukan ɗauke marar lafiya daga asibiti su mai da shi gida. To, a sani ana yin wannan aiki a nan Nijar, kuma mutane suna tashi, su koma gonakinsu. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram. A shekarar 2016 an ƙaddamar da wani sabon babban asibiti a Yamai, can ma ana yin aikin.

Ga ɗaya daga cikin cututtukan da ke kai magidanci ga fiɗa. Mutum ya faɗo daga amalanke ko daga moto, ko sa ya ture shi, kansa ya bugu. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ci gaba da aiki. Amma can cikin ƙoƙon kai wata ƴar jijiya ta tsage. Jini yana ɗiga kaɗan-kaɗan tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ya rufe ta. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba salka ba ce da za ta buɗe. Saboda haka jinin sai ya danne ƙwaƙwalwa. Bayan mako 3, ko wata 1, ko wata 2, sai mutum ya fara ciwon kai wanda ba ya jin magani. Ya riƙa mantuwa. Ya riƙa barci da rana tsaka. Ya riƙa jan ƙafa guda, ko ludayi ya riƙa suɓuce masa, ko maganarsa ta harɗe. A lokacin kowa ya manta da faɗuwar. Sai a ce iska ce, ko sammu, ko tsufa. Ana can ana turare, jini yana ƙaruwa. Wannan ciwo ya fi kama dattawa, da masu shan giya, da masu yawan shan asfirin.

Maganinsa kuwa ba shi da tsawo. Likita zai yi ƴar huda a ƙashi, wadda babban yatsa zai iya rufewa. Ya wanke jinin, ya bar siririn tiyo kwana 1 ko 2 domin sauran ya fito. Sau da yawa wanda aka kawo ba ya gane ƴaƴansa, bayan kwana kaɗan sai ga shi yana tambayar labarin gona.

Akwai kuma ƙari da ke tsirowa a jikin tantanin ƙwaƙwalwa. Ya fi samun mata, kuma mafi yawansa ba ciwon daji ba ne. Shi aikinsa ya fi girma. Ana ɗaga wani yanki na ƙashi, a cire ƙarin, a mai da ƙashin wurinsa. Ko jini ne ko ƙari, hoton sikanar ne ke nunawa. Hoton ba ya zafi, kuma minti kaɗan ne.

Kada a ɓoye gaskiya: aiki ne mai haɗari. Akwai wanda ba ya tashi. Akwai wanda ke tashi da raunin hannu ko na magana. Shi ya sa kafin a sa hannu a takarda, ya kamata marar lafiya da danginsa su tambayi likita, ba kunya. Me zai faru in an yi? Me zai faru in ba a yi ba? Kwana nawa za a iya jira? Taruwar jini ba ta jiran kaka. Ƙari kuwa wani lokaci yakan ba da makonni na shiri.

Shirin gida

Mai iyali ba kansa kaɗai yake ɗauka zuwa asibiti ba. Ya bar baki da yawa a baya. In hankalinsa yana gida, zai matsa a sallame shi tun bai warke ba.

Tafiyar ba kusa ba ce. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Tawa ya fi 500. Ana bukatar mai jinya mai ƙarfi, wanda zai iya kwana zaune, ya kuma riƙe abin da likita ya faɗa. Ana bukatar dangi masu lafiya da za su ba da jini in an nema. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, jiki yana mai da shi. A nemi mutanen garin da ke zaune a birni tun kafin a tashi, domin masauki.

Sai kuɗi. Ga kuɗin mota, ga na hoto, ga na magani, ga abincin mai jinya. A fara da bisashe da adashi da gudummawar dangi. Jinginar gona ta zama ta ƙarshe. Irin shuka kuwa kada a taɓa shi, domin marar lafiya zai dawo ya tarar da damana.

Uba ya kira matarsa da ƙanensa ko babban ɗansa, ya faɗa musu komi a gaban juna. Wa yake bi bashi, wa ke bin sa. Dami nawa ke cikin rumbu. Ina takardun gona da takardun haihuwar yara. Wasu suna gudun wannan, wai kiran mutuwa ne. Ba haka ba ne. Mai tafiya fatauci ma yana yin sa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a littafi, a ajiye.

In uwa ce, a san hannun da kowane yaro zai shiga, da sunansa. Kada a ce "gida cike yake da mutane". Yaron kowa shi ke kwana da yunwa. In tana goyo, ta faɗa wa likita tun ranar farko. Kada ta yaye yaro da kanta don tsoro. Sau da yawa ana ci gaba da ba da nono bayan aiki, likita ne zai duba magungunan da suka dace. In tana da ciki, ko tana zato, ta faɗa kafin a ɗauki hoto.

Yara kuma a gaya musu. Manya sukan yi ta raɗa, su yi shiru in yaro ya shigo. Yaro ba wawa ba ne. Ya ga an sayar da tunkiya, ya ga inna tana share hawaye. Abin da zai saƙa a ransa ya fi gaskiyar muni, har wani yakan ɗauka rashin jinsa ne ya sa wa baba ciwo. Magana kaɗan ta isa: "Baba yana da ciwo cikin kai. Likita zai cire shi. Zai dawo da aski da ɗinki. Gwaggo ce za ta kula da ku. Ba laifin kowa ba ne." Ƴan lakwal su ci gaba da zuwa lakwal, a sanar da malaminsu. Kada a fitar da babbar ɗiya daga aji a ce ita ce uwar gida yanzu. In akwai salula, a bar yara su ji muryar mahaifinsu.

A asibiti, a nuna wa likita duk abin da marar lafiya ke sha, har da sassaƙe da jiƙo da ƙwayoyin ƴan tebur. Asfirin yana hana jini daskarewa, ɓoye shi haɗari ne. In an ce kada a ci kada a sha kafin aiki, to ko fura ce kada a ba shi don tausayi. Mai maganin barci a jiki yana iya yin amai, abincin ya faɗa masa huhu.

Bayan an dawo

Ranar dawowa gida yakan cika da masu barka. Zumunci ne, amma ƙwaƙwalwar da aka taɓa ba ta son hayaniya. A gaisa a taƙaice, a bar shi ya kwanta.

A nan ne iyali da yawa ke kuskure. Ɗinki yana warkewa cikin mako 2, gashi ya tsiro, sai a ce ai ya warke. Cikin kai bai gama ba. Gajiya takan ɗauki mako 6 zuwa 8, wani ma watanni. Mutum yakan yi saurin fushi, ko mantuwa, ko kuka ba dalili. Uban da bai taɓa tsawa ba sai ya daka wa yaro tsawa don ya buga gwangwani. Ba lalaci ba ne, ba kuma ƙiyayya ba. A bayyana wa yara haka, a ba su ɗan aikin da za su yi masa, kamar kawo buta ko raka shi bakin ƙofa. Tafiya kaɗan kowace rana tana da amfani. Hannun da ya yi rauni a riƙa motsa shi, kada a bar shi rataye.

Mace kada ta ɗora tulu ko itace a kai, kada ta yi daka, kada ta ja guga, sai likita ya yarda. Wannan sai miji da uwar miji sun tsaya, domin ita ba za ta iya faɗa ba. Namiji ya bar noma da tuƙa moto da hawan itace. Maƙwabta su yi masa gayya. In sunkuyawa tana sa jiri, addini ya yarda marar lafiya ya yi salla a zaune, ya kuma rama azumi daga baya.

Wajen ɗinki a bar shi da tsabta, a bushe. Ba toka, ba man shanu, ba garin magani. Wanzami kada ya kai aska ko ƙaho wurin.

Wasu sukan yi farfaɗiya bayan aiki, shi ya sa ake ba su ƙwayoyi irin su Gardénal. Ana shan su kullum a kan lokaci. Tsai da su farat ɗaya yana tayar da ciwon, don haka a sayi wasu tun na hannu ba su ƙare ba. Mace ta sani Gardénal yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, Dépakine kuma yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki ciki. Mai wannan hali kada ya zauna shi kaɗai kusa da wuta ko bakin rijiya. Uwa ta ba da nono a zaune bisa tabarma, kada ta yi wa jinjiri wanka sai da wani a kusa. In ciwon ya tashi, a kwantar da mutum ta gefe, a sa masa zane ƙarƙashin kai. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Miyansa ba ya sa wa kowa ciwo. Manyan yara ma a koya musu wannan.

Jinin da aka wanke yakan sake taruwa ga wajen mutum 1 cikin 10, ko fiye. Saboda haka a sa ido. In ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai, ko barci mai wuyar tashi, ko zazzaɓi da sanƙarar wuya, ko ruwa ko mugunya na fita daga ɗinki, ko hannu ya sake mutuwa, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi gidan likita mafi kusa a ranar, ko da dare ne.

Ranar da likita ya sa a komo, a koma, ko mutum yana jin garau. Kuɗin motar wannan rana a ware shi tun ranar sallama. A tafi da hotunan sikanar, da takardar sallama, da kwalayen magungunan da ake sha.