Binciken Ƙwaƙwalwa da Rabonmu a Cikinsa

 

Zan yi magana ne a kan Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, wanda ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya koyar a nan Jami'ar Jihar Gombe, sannan ya tafi Jami'ar Sussex a Ingila ya yi digirin digirgir. Bincikensa a kan cutar Alzheimer ne, wadda sau da yawa a gidajenmu ake ce mata gigin tsufa, a haƙura. Alhali cuta ce. Akwai wani furotin mai suna tau a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya lalace sai ya dunƙule, ƙwayoyin su riƙa mutuwa, har tsoho ya kasa gane ɗan cikinsa.

A jami'a mun saba auna malami da yawan maƙalunsa da yawan masu ambatonsa. Ma'auni ne, ban raina shi ba. Amma ni abin da na fi dubawa shi ne me aka bari a gida bayan an gama binciken.

A 2021 Maina da abokan aikinsa, ciki har da Tom Baden da Lucia Prieto-Godino, suka buga nazari a mujallar Nature Communications. Sun tace maƙalu 5,219 na kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Kaso mafi tsoka ya fito ne daga ƙasashe biyar: Masar, Afirka ta Kudu, Nijeriya, Maroko da Tunisiya. Sun kuma nuna cewa kayan aikin zamani sun yi ƙaranci, kuma kaɗan ne ƙwarai ke amfani da ƙananan halittu masu arha irin ƙudan da masana ke kira Drosophila.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan ƙuda, don a nan nake ganin ƙofarmu. Shi ne ɗan mitsitsin nan da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro a kasuwa. Daga ƙwai zuwa balaga kwana goma ne ko kusa da haka, abincinsa ba ya wuce garin masara da yis da sukari, kuma kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ke haddasa cututtuka a jikin mutum suna da takwarorinsu a jikinsa. Da shi masana Nüsslein-Volhard da Wieschaus da Lewis suka gano yadda ƙwayoyin gado ke tsara ɗan tayi, ina kai, ina jela, suka sami kyautar Nobel a 1995. Ƙungiyar TReND in Africa, wadda Prieto-Godino da Baden suka kafa tare da Farfesa Sadiq Yusuf, da koyar da aiki da wannan ƙuda ta fara a Yuganda a 2011.

Sai kuma Damaturu. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke can, Maina ne jagoranta, gwamnatin jiha ta sa hannu, abokan hulɗa na waje suka taimaka da na'urori. A can ake ƙoƙarin amfani da dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006, wato mayar da ƙwayar jikin baligi ta koma kamar ta ɗan tayi, sannan a sarrafa ta ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwa. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi da duniya ke gwaji da su na Turawa ne. Yaya za a yi a san cutar tsofaffinmu da jikin wasu? Haɗin gwiwar da nake so ke nan: na'ura ta zauna a nan, yaranmu su iya sarrafa ta, sunansu ya fito a kan aikin.

Gombe tana da jami'a mai kwalejin likitanci, tana da Asibitin Koyarwa na Tarayya, Damaturu kuma tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba. Ina roƙon hukumar jami'a ta ware ɗaki guda mai tsayayyar wutar sola don kiwon ƙudan nan, gwamnatin jiha ta sa kuɗin bincike a kasafinta, a kuma riƙa tura ɗalibanmu Damaturu horo duk shekara.