Amanar Rajistar Sunaye a Intanet



A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, watau rajistar da ke juya sunan intanet ya zama lambar adireshi. Duk ma'aikatar da ta ajiye na'urar rajistarta da kanta, da manhajar BIND, ta ɗauki amana. Kurakurai biyu suka fi kayar da ma'aikaci. Na ɗaya, mance ɗigon ƙarshen cikakken suna: sai na'ura ta liƙa masa sunan yankin, adireshi ya ɓaci. Na biyu, gyara rajista ba a ƙara lambar siriyal ba: mataimakiyar na'ura ta ci gaba da ba da tsohon bayani, wasiƙu su ɓace. Saboda haka, kafin a zargi layi, a duba ɗigon, a kwatanta siriyal ɗin na'urorin biyu da umarnin dig.