Ƙwayoyin Tushe da Yadda Jiki Ke Sabunta Kansa



Kowa ya san ƙadangare yakan yar da wutsiyarsa idan an kama shi, bayan 'yan watanni ya tsiro wata. Ɗan Adam kuwa, in hannunsa ya guntule, sai dungu. Wannan bambanci ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, kuma abin da suka gano a kansa nake so in gabatar muku yau.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali. Dukkansu daga ƙwaya ɗaya tal suka fito a cikin mahaifa. Ita ce ta yi ta rabuwa, sa'an nan kowace ta kama sana'arta: wannan ta zama tsoka, waccan fata, wata kuma jini. Amma jiki yakan keɓe 'yan kaɗan, kamar yadda manomi ke ajiye iri a rumbu, waɗanda aikinsu haifar da sababbi. Su nake kira ƙwayoyin tushe. Jar ƙwayar jini, alal misali, ba ta wuce kwana 120 a raye, don haka ƙwayoyin tushen da ke cikin ɓargo suke samar da wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

To, ƙwayar da ta riga ta kama sana'a fa, ta manta sauran sana'o'in ke nan har abada? A 1962, John Gurdon na Jami'ar Oksford a Ingila ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, watau wurin da umurnin gado yake, ya sa a cikin ƙwan kwaɗo wanda aka kashe tasa cibiyar. Sai ga cikakken talibambam yana iyo. Ashe umurnin gina jiki duka yana nan a kowace ƙwaya, rufe shi kawai aka yi. Masana da yawa sun yi tababa, har 1996, lokacin da aka haifi tunkiyar nan Dolly a Sikotland daga ƙwayar hantsar wata tunkiya.

A 1998 James Thomson na Amurka ya raya ƙwayoyin tushe daga ɗan tayin mutum na 'yan kwanaki. Nan fa gardama ta kaure tsakanin masana da malaman addini, domin sai an lalata tayin ake samunsu. Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ne ya sassauta wannan rikici. A 2006 ya nuna cewa ƙwayoyin gado 4 kacal, daga cikin 24 da ya gwada, sun isa su mai da ƙwayar fatar ɓera ƙuruciyarta, ta yadda za ta iya zama kowace irin ƙwaya. A 2007 ya yi haka da ta mutum. Shi da Gurdon suka raba lambar yabo ta Nobel a 2012. A ganina wannan shi ne babban abin da aka gano a fannin nan cikin shekara 50. Amfanin kuwa a hankali yake zuwa. A 2014 aka fara dasa irin waɗannan ƙwayoyi a idon wata dattijuwa a birnin Kobe, kuma har yanzu gwaji ake yi, saboda ƙwayar da ba ta gama kama sana'a ba tana iya rikiɗa ta zama ƙari.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Tun da ɓargo ne ke ƙera jinin, in an sauya ƙwayoyin tushen ɓargo an sauya jinin. An yi irin wannan dashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma sai an dace da wanda ɓargonsa ya yi daidai da na majinyacin, galibi ɗan'uwa shaƙiƙi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ɗebo ƙwayoyin majinyacin kansa, a gyara su, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma kafin a mayar sai an ba shi magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, wanda kan iya hana haihuwa.

Saboda haka ina jan hankalin ma'aikatan lafiya da ke nan. Ana ta tallar ƙwayoyi da garin sha da sunan ƙwayoyin tushe, wai suna warkar da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Ƙwaya mai rai ba ta zama a gari, in ma an haɗiye ta ciki zai narkar da ita. Wanda duk ya nemi lasisin irin wannan magani, a tambaye shi a ina aka gwada shi, a kan mutum nawa, kuma wace hukuma ta duba sakamakon.