Horon Ƙwarewa kan Koniya da Gilashin Manne: Dalilin da Ya Sa Sai a Arewacin Ghana Za a Kafa Shi

 

Kowa a nan ya san shekara shida ake yi a jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi ko ta Cape Coast kafin a fito da digirin likitan gwajin ido. Abin da ba mu cika faɗa a fili ba shi ne inda hanyar ta tsaya. A 2011 majalisar dokokin Ghana ta yi Doka ta 833, wadda ta tsara horon ƙwarewa ga ma'aikatan lafiya, ta tanadi kwalejin likitoci da masu tiyata, da ta masu harhaɗa magunguna, da ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Ba ta ambace mu masu gwajin ido ba. Shekara biyu bayan haka Doka ta 857 ta sa mu ƙarƙashin majalisar da ke yi wa sauran ma'aikatan lafiya rajista. Rajista da lasisi abu ne mai kyau, amma ba su koyar da kowa yadda ake duba gyambon ido. Wanda ya yi digiri na biyu ko na uku kuwa bincike ya koya, ba zaman asibiti ba. Duk wani yunƙurin da ƙungiya ko jami'a za ta yi, muddin babu doka da matakin albashi a bayansa, takarda ce kawai za a rataya a bango.

Ba wannan ne ma ya fi damuna ba. Duk lokacin da aka taso da maganar horon ƙwarewa kan koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, sai ka ji ana kawo tsarin Amurka. A can shekara ɗaya ake yi bayan digiri, ƙarƙashin hukumar da ke tantance karatun masu gwajin ido, kuma kusan duk ƙarfin horon yana kan gilashin manne: mai tauri, mai faɗin da ke zama kan farin ido, da wanda ake kwana da shi don ya sake wa koniya siffa. Tsari ne mai kyau ga masu shi, domin gilashin manne na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo musu gyambon koniya. Mu a nan ganyen gero ne, da ƙaiƙayi, da ƙaya, da tsinken kara. Idan muka kwafo manhajarsu muka ajiye a Accra, za mu yaye ƙwararrun da za su yi wa 'yan birni hidima, manomin Gambaga kuwa yana nan inda yake.

Bari mu duba alƙaluma. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a 2015 ya nuna kashi 0.74 cikin ɗari na 'yan Ghana makafi ne. Yanar ido ta ɗauki kashi 54.8 na wannan makanta, hawan jinin ido kashi 19.4, cututtukan koniya kashi 11.2. In aka ɗora wannan kan ƙidayar 2021, wadda ta ba mu mutum miliyan 30.8, lissafina ya ba ni makafi kimanin 228,000, daga cikinsu fiye da 25,000 koniya ce ta makantar da su. Kuma wannan lissafin masu ido biyu ne da suka mutu. Mai hakiya a ido ɗaya ba ya cikinsa, alhali gyambon koniya galibi ido ɗaya yake ci. Ku shiga kasuwar Bawku ko ta Yendi ranar da take ci, ku ƙirga fararen idanu da kanku.

Tarihin makanta a wannan yanki ma tarihin koniya ne. Makantar kogi da ta kori mutane daga gaɓar Farin Volta da Jan Volta, wadda John Hunter ya yi rubutu a kanta game da Nangodi a 1966, ɗaya daga hanyoyin da take kashe ido ita ce ta dusashe koniya. Shirin yaƙi da ita na Afirka ta Yamma ya yi aiki daga 1974 zuwa 2002, aka kuma samu maganin Mectizan kyauta daga 1987. Amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar koniya, a tsohuwar jihar Arewa da ta Upper West ya yi katutu, har zuwa watan Yuni na 2018 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a, ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara. Ƙarancin sinadarin bitamin A da ƙyanda sun cinye idanun yara ba adadi, kuma a nan kusa, a Navrongo, aka yi gwajin da aka buga a 1993 wanda ya nuna ba yara bitamin ɗin na rage mace-macensu da kashi 19 cikin ɗari. An ci waɗannan yaƙoƙi, an yi bikin da ya kamata, masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu. Tabon da cututtukan suka bari yana nan a idanun dattawanmu. Gyambon da noma ke jawowa kuwa babu wani shiri na ƙasa da ƙasa da aka taɓa kafawa dominsa a nan, kuma kowace kaka sai ya dawo.

A kan wannan gyambo nake so in tsaya.

Tsakanin Yunin 1999 da Mayun 2001, mai bincike Leck da abokan aikinta sun bi marasa lafiya 1,090 masu gyambon koniya a Ghana da kudancin Indiya, kuma asibitin Bawku na cikin wuraren da aka yi aikin. Abin da ya fi fitowa shi ne ƙwayoyin fumfuna, kashi 42 cikin ɗari, musamman Fusarium da Aspergillus. A ɓangaren bakteriya kuwa, Pseudomonas ce kan gaba a Ghana. Kafin wannan, a 1995, Hagan da abokanta sun riga sun nuna irin wannan yawan fumfuna a Accra. Wani nazari da aka buga a 2021 ya kiyasta fiye da ido miliyan ɗaya ke kamuwa da gyambon fumfuna kowace shekara a duniya, mafi yawa a Asiya da Afirka. To, shekara fiye da ashirin ke nan da sanin cewa kusan rabin gyambon da ke zuwa mana ba ya jin maganin bakteriya. Me muka canza a yadda muke horarwa? Me aka canza a abin da ake ajiyewa a ɗakin magani?

Ga yadda abin ke faruwa, kuma babu wanda ke wannan ɗaki da bai gani ba. Manomi na yankan gero a watan Oktoba, ganye ya shafce shi a ido. Ya murza, ya ci gaba da aiki, don ba a barin amfani a gona saboda hawaye. Washegari ido ya yi ja. Aka ce afolo ne. Wani ya ba shi ruwan ganye, wata ta ce a ɗiga nono. Bai yi sauƙi ba, ya je kemis, aka miƙo masa 'yar kwalba mai haɗin sitiroyid. Nan ne ido ya mutu, domin sitiroyid na kwantar da ja da zafi na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, fumfuna kuwa ta samu sarari tana nutsewa. Ranar da ya iso gabanmu ya rufe idon da tsumma, in ka ɗaga fatar sai ka ga fari fat a tsakiya, bakinsa buzu-buzu, ga 'yan ɗige-ɗige kewaye da shi, ga mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin idon. Wanda ya ga irin wannan da yawa a ƙarƙashin malami zai gane shi nan take. Wanda a littafi kawai ya gani sai ya rubuta maganin bakteriya ya ce a dawo bayan mako.

Abin da ake buƙata a wannan lokaci ba tsada gare shi ba: na'urar haska ido, takardar rini mai nuna rauni, abin kankaro ɗan samfur daga bakin gyambon, sinadarin KOH, da madubin ɗakin gwaji irin wanda kowane asibitin gunduma ke duba zazzaɓin cizon sauro da shi. Cikin ƙasa da awa guda za a ga zaren fumfuna ko a rasa. Magani ma an san shi. Gwajin da aka yi a Indiya aka buga a 2013 ya nuna natamisin ya fi borikonazol, musamman a kan Fusarium, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ina roƙon duk wanda ke nan da ke da natamisin a ɗakin maganinsa yau ya ɗaga hannu bayan na gama. Bayan maganin, hannu ma ya yi ƙaranci, hannun da aka horar aka kuma ba shi izini a rubuce. Na san wasu 'yan'uwanmu likitocin tiyatar ido ba sa son jin maganar kankaro a hannun mai gwajin ido. Ina girmama damuwarsu, shi ya sa nake cewa a yi horon ƙarƙashinsu. Amma kowa ya san yawancinsu na Accra da Kumasi, kuma daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 400 ne.

Rigakafi ma na cikin aikin. A Bhaktapur ta ƙasar Nepal, an horar da ma'aikatan ƙauye su gane ƙujewar koniya su sa man kuloramfenikol na kwana uku, kashi 96 cikin ɗari suka warke ba gyambo. Wani babban gwaji da aka yi daga baya a Nepal ɗin bai nuna raguwar gyambo yadda aka zata ba, don haka ba na cewa a kwafa ido rufe. Muna da ɗakunan shan magani na CHPS a ƙauyuka, a gwada a nan a ga abin da zai fito.

Kada a ce na watsar da gilashin manne. Akasin haka. A ƙasar da dashen koniya ya dogara ga abin da ake shigowa da shi daga waje, kuma a 'yan manyan asibitocin kudu ake yinsa, gilashi mai tauri shi ne abin da ya rage wa mutum da yawa. Habasha ta buɗe ma'ajiyar koniya a Addis Ababa tun 2003, mu muna ta taro kan dokar ba da sassan jiki. Tabo mara zurfi yakan bar koniya da gargada, tabarau ba ya gyara wannan, amma gilashi mai tauri na cike gargadar da hawaye gani ya dawo. Haka yaran nan masu ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, suna ta murza daga shigowar hunturu har bazara. Murzar nan na da alaƙa da keratokonas, inda koniya ke sirancewa ta yi tsini. Yaro ya zo, an canza masa tabarau sau da yawa bai gani ba, malamai sun ce daƙiƙi ne. Tun 2003 aka bayyana hanyar Dresden ta ƙarfafa koniya da ribofilabin da haske, wadda ke tsayar da cutar in an kama ta da wuri. Wa zai kama ta a Salaga?

Sai dai gilashin manne a nan ba irin na Accra ba ne. Wanda zai ba da shi dole ya san ƙurar buji, ya san ruwan rijiya da na dam ba a wanke gilashi da shi, ya san in ruwan wankin ya ƙare babu inda za a saya kusa, ya kuma san hukumar inshorar lafiya ta ƙasa na biyan gwajin ido amma ta cire tabarau da makamantansa daga abin da take biya. Ba a koyon wannan a ɗaki mai sanyin na'ura.

Shawarata ke nan. Horon ya zama shekara biyu, cibiyarsa asibitin koyarwa na Tamale, jami'o'in Kumasi da Cape Coast su riƙe manhaja da jarrabawa. Shekarar farko ta tafi kan gyambo, rauni, ɗakin gwaji da cututtukan fatar ido, kuma a tsara ta yadda ɗalibi zai yi kaka a waje: sashen ido na asibitin Presbyterian da ke Bawku, wanda ya daɗe yana karɓar mutane har daga Burkina Faso da Togo, da asibitin Baptist na Nalerigu da ke nan kusa da mu tun 1958, da asibitocin gwamnati na Yendi da Salaga. Shekara ta biyu ta zama ta gilashi mai tauri da mai faɗi, da kula da waɗanda aka yi wa dashe suka dawo gida. Indiya ta nuna ana iya wannan, cibiyar L V Prasad ta Hyderabad ta daɗe tana horar da masu gwajin ido a wannan fanni kafaɗa da kafaɗa da likitocin koniya. Najeriya ma na da kwalejin da ke ba masu gwajin ido shaidar ƙwarewa.

Za a ce babu kuɗi. Ɗalibi biyu ko uku a shekara ba za su karya baitulmali ba. Za a ce Bawku babu tsaro, ga dokar hana fita. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ma'aikata ke gudu, amma marasa lafiyar ba su gudu ba, ga kuma Nalerigu da Yendi da za a fara da su. Za a ce waɗanda aka horar za su tsere kudu ko Ingila. Za su tsere, in dai ƙwararre da wanda ya fito jiya albashinsu ɗaya. A buɗe matakin ƙwararre a tsarin aikin Hukumar Lafiya ta Ghana, a ɗaura masa sharaɗin shekarun hidima a Arewa.

An ƙirƙiri jihar North East da ta Savannah bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Disambar 2018 da alƙawarin kawo hidima kusa da jama'a, kowacce na da mutum fiye da 650,000. Ina kira ga daraktocin lafiya na jihohin nan biyu, da na Arewa da Upper East, su rubuta wa Ma'aikatar Lafiya takarda ɗaya tare kan gyaran Doka ta 833. Kafin a samu amsa, abu biyu ba sa jiran majalisa: a sa natamisin cikin odar maganin kowane asibitin gunduma, kuma kowane sashen ido ya buɗe littafin rubuta gyambon koniya kafin a fara yankan gero bana.