Gudummawar Ƙungiyoyin Sa-Kai ga Ilmin Firamare



Tambayar da nake so mu duba a yau ita ce: me ya sa ƙungiyar da ba ta da baitulmali takan ci nasara a inda gwamnati ta gaza? Bari in fara da tarihinmu. A watan Satumba na 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, a Nijeriya. Yaran da suka fito sun zarce ƙiyasi, aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa. Amma a ƙauyuka da dama, da damina ta faɗi sai aji ya koma kango, domin yaro yana gona, yarinya tana talla. An kai wa mutane makaranta ba tare da an tambaye su yadda za ta zauna da rayuwarsu ba.

To, mu leƙa ƙasar Bangaladesh, wadda ta fuskanci irin wannan matsala. A 1972 Fazle Hasan Abed ya kafa ƙungiyar BRAC don agaza wa waɗanda yaƙin neman 'yanci ya ɗaiɗaita. A 1985 ƙungiyar ta buɗe makarantu 22 na gwaji. Kowace ɗaki ɗaya ce, da yara wajen 30, yawancinsu mata. Malamarsu 'yar ƙauyen ce, wadda iyaye suka sani. Su iyayen ne ke shawarta lokacin shiga aji da na tashi, don kada karatu ya ci karo da aikin gida ko na gona. Daga nan makarantun suka yaɗu har suka kai dubbai, ɗalibansu kuma suna wucewa makarantun gwamnati.

Jama'a, wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauye ta karantar da mata ta hanyar waƙoƙi, cikin harshen da suke ji. Malama ta gida, harshe na gida, lokaci kuma na masu koyo. A zamaninmu ma, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ta buɗe makarantu a jihohi da dama. Ashe ƙarfin ƙungiya yana cikin amanar da jama'a suka ba ta, ita ce jarin da ya fi kuɗi.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Makarantar da ta dogara kacokan ga taimakon ƙetare, ranar da mai bayarwa ya janye hannu, ranar za a rufe ta, yaran kuma su koma inda aka tsamo su. Bugu da ƙari, biyan albashin malaman ƙasa baki ɗaya, da tsara manhaja, da ba da takardar shaida, nauyi ne na hukuma. Dokar UBE ta 2004 ta ɗora mata wajabcin ilmantar da kowane yaro kyauta na shekara tara. Aikin ƙungiya shi ne ta gwada hanya, hukuma ta faɗaɗa ta.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan gwamnati, idan ƙungiya ta zo ofishinku, ku tambaye ta abu biyu: wa zai karantar, kuma ina yaron zai dosa bayan ya gama? Ku kuma ɗalibai, yawancinku kuna da ƙungiyar ci gaban garinku. Ku tuntuɓi iyaye, ku nemi ɗaki ɗaya da malama ɗaya, ku fara.

 Allah ya sa mu dace.