A TARE RUWA TUN DAGA TUDU
Jawabin kwamitin ƙungiya ga taron shekara

Maigari, liman, dattawan gari, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kuka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda kuma takardar nan za ta tarar da su wurin bida, a Abijan, Kwatano, Legas ko Aljeriya, gida na gaishe ku.

Maganar da kwamiti ya ɗora mana a bana guda ce: ƙasar noma da ruwan sama, da aikin da gwamnati ke yi na farfaɗo da ƙasa, da kuma rabon da ya hau kanmu cikin wannan aiki.

Kowa ya ga abin da ke faruwa. Tudun da iyayenmu suka sani da geza da sabara ya zama fako, ko akuya ba ta tsayawa kansa. Koramar da yaro ke tsallakewa a da, yanzu raƙumi na shiga ya ɓace, kuma kowace damana sai ta ci wani yanki na gonar wani. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin kakanninsu, sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. A waɗancan shekaru rashin ruwa ne ya wahalar da mu. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma halinsa ya canja: sai a yi kwana goma sha biyar babu ɗigo, shuka na ƙonewa, sa'an nan ya sauko lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. A damanar 2024 ambaliya ta taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasarmu, ɗaruruwa suka rasu, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe.

To, bari mu yi lissafi. In aka yi ruwa mai milimita 30, kowace hekta ɗaya ta samu lita 300,000, wato tano 1,500. In ƙasa na da ciyawa da itatuwa, ta kan shanye mafi yawansa, rijiyoyi su samu rabonsu. In fako ce, sai ya gangara, ya haɗu da na hektar da ke kusa, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya zubo rairayi a fadama. Ke nan wanda ke kukan koramar da ta ci gonarsa a kwari, ciwonsa daga tudu ya taso. Shi ya sa masana wannan aiki ke cewa a fara daga sama a sauko, kada a fara daga bakin korama.

Gwamnati ta daɗe da sa hannu. Tun 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawari kowace gunduma ta yi nata ƙoƙari. Daga cikin ayyukan da aka yi tun wancan zamani, akwai guda huɗu da ya kamata mu duba, don kowanne da abin da yake koya mana.

Na farko, kwarin Majiya, wajen Buza. A 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin wannan jere da wancan kimanin mita 100, don kare gonaki daga iskar da ke binne shuka. Sai da aka sa masu tsaro shekaru na farko saboda dabbobi. Da itatuwa suka girma, hatsi ya samu sauƙin iska, mutane suka samu iccen gini da na wuta. Amma da lokacin sara ya zo, sai tambaya ta taso: iccen na wa ne, na mai gona, na gari, ko na gwamnati? An sha zama kafin a daidaita rabon.

Na biyu, Kaita. A 1984 aka buɗe babban furoje a can, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da noma da cimaka. An bi dabagi, an bi gangaren duwatsu, an bi koramu: an yi kunyoyi masu dutse, an haƙa ramuka a jikin tsauni, an gina madatsun ruwa. Cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Abin da ya kamata ya shiga kunnenmu, mu 'yan bida, shi ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutsen nan a ka mata ne. Maza sun tafi bida, matan Adar suka tsaya cikin rana suna aiki ana biyan su da cimaka.

Na uku, Illela. A ƙarshen shekarun 1980 aka kai wasu manoma ziyara yankin Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa rami a fako a zuba taki. Da suka dawo suka gyara tsohuwar tassa da aka sani a Adar. Yadda ake yi: da rani a haƙa ramuka, faɗin kowane kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, a tara ƙasar da aka fidda ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga. Hekta ɗaya kan ɗauki rami wajen 10,000, aiki ne mai karya baya. Duk da haka mutane suka kama shi da kansu, maƙwabci na gani wurin maƙwabci, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba mai so.

Na huɗu, Maraɗi da Damagaram. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da muke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka yanke sauran, cikin shekaru kaɗan ka samu icce, ba gandun reno, ba ban ruwa. Wannan ne sassabin zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon cimaka, mutane da yawa suka yi. Da cimaka ta ƙare, da yawa suka sare. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfani, sauran suka dawo suka bi su. A wajen Magarya, Matamai da Mirya kuwa manoma sun cika gonakinsu da gawo, iccen da ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 suka farfaɗo ta wannan hanya a ƙasarmu.

Jama'a, in muka jera waɗannan huɗu, abu biyu ke fitowa. Na ɗaya, aikin da aka yi don buhun cimaka ko kuɗin yini kawai, ranar da motar furoje ta daina zuwa ranar ya fara lalacewa. Akwai wurare da dama da aka yi dubban rabin wata, aka ɗauki hoto, bayan damana uku rairayi ya cike su, dabbobi suka tattake, ba wanda ya koma da shebur. Kayan aro ba ya rufe katara. Mun kuma ga yadda wasu ƙasashe masu ba da kuɗin furoje suka dakatar da taimakonsu bayan canjin mulki na 2023. Na biyu, mutum ba ya renon iccen da ya san ba nasa ba ne. Dattawa na tune da zamanin da dokar daji ta 1974 ke aiki, lokacin da manomi kan biya tara don ya sare reshen gawon da ke cikin gonarsa. Saboda tsoron haka wasu ke tumɓuke ɗan icce tun yana ƙarami. Yau abin ya sake. Akwai dokar karkara ta 1993 da ta kawo kwamitocin kula da filaye har matakin ƙauye, akwai dokar daji ta 2004, kuma a 2020 gwamnati ta fidda doka ta musamman da ke tabbatar wa manomi amfanin itatuwan da ya rena a gonarsa.

Gwamnati ta ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma ƙasarmu na cikin shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ko ba jima ko ba daɗe, wani furoje zai biyo ta gundumarmu. In ya tarar da mu a shirye, za mu faɗa masa inda za a fara. In ya tarar da mu a warwatse, zai yi aikinsa inda mota ke iya shiga, ya tafi ya bar mu da rigima. Saboda haka kwamiti na kawo wa taro shawarwari biyar.

1. Kafin a sa diga a fako, maigari da dattawa su zauna da kwamitin filaye, a san wane wuri ne na wane gida, wane ne na gari. A rubuta, a sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari. Yau fako ba ta da mai ita. Ranar da ta yi kore, jikoki goma za su tuna kakansu ya taɓa noma ta. Wanda ke bida ya wakilta wani ko ya aiko da saƙo, kada a yanke bayan idonsa.

2. A gayyaci makiyaya, Fulani da Buzaye, tun zaman farko. A bar burtali a buɗe, a bar hanyar mashaya. Wurin da za a hana kiwo shekara biyu ko uku, a faɗa musu iyakarsa da ranar buɗe shi, da rabonsu cikin ciyawar da za ta fito. A Ɗan Saga, wajen Agye, kwamitin tsaron itatuwa ya haɗa maza da mata da makiyaya, abin ya ɗore.

3. A fara da kan koramar da ta fi yi mana ɓarna: jeren duwatsu a gangare, rabin wata a fako, wajen 300 a hekta, tassa a gonakin da suka mutu. Jeren dutse sai an bi daidaiton ƙasa, in ba haka ba ruwa ya taru wuri guda ya fasa. Mu nemi ma'aikacin gandun daji ya koya wa samari biyar awo da tiyon ruwa, ilimin ya zauna a gari.

4. Kowane ɗan ƙungiya da ke bida ya ba da jika biyu a wata, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Kuɗin na sayen diga, shebur da baro ne, da hayar amalanke ko mota ta ɗaukar dutse, da ladan mai tsaro. Ma'aji zai buga lissafi cikin wannan takarda kowane wata uku, dala ɗaya ba za ta fita ba sai da sa hannun mutum biyu.

5. Matan da za su yi aikin su samu kujera a kwamiti, kuma a ware musu yanki cikin ƙasar da aka farfaɗo, da sunansu a takarda. Ba daidai ba ne wadda ta ɗauki dutse da rani ta koma 'yar kallo da kaka.

Mun san akwai masu cewa kuɗin da ake aikowa ko hatsin bazara ba ya isa, ina ga dutse. Gaskiya ne, ba mu raina wahalar kowa ba. Amma mu tambayi kanmu shekara nawa muka yi muna aiko kuɗin hatsi, da kuma ko dami ya ƙaru a rumbu. Gonar da ke raguwa kowace damana, ɗan da zai gaje ta shi ma hanyar bida zai kama, da ƙuruciyar da ta fi tamu. Ba mu ce tassa da rabin wata za su hana fari ba. Abin da aka gani a Illela shi ne, shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, gonar da ke da tassa ta kan ba da wani abu, ta kusa da ita ta tashi a banza. Wannan ɗan abin shi ke raba gidan da ya sayar da bisashensa da wanda ya riƙe su.

Lokacin aikin rani ne, daga an gama kai hatsi rumbu har zuwa watan Mayu. In muka bar taron nan ba mu tsai da magana ba, shekara guda ta tafi, korama kuwa ba ta jiran taro na gaba. Muna roƙon dattawa su fara faɗin ra'ayinsu kan shawara ta ɗaya da ta biyu, tun da su ne suka san iyakokin da. Wakilan rassa kuma su kai wa mutanensu shawara ta huɗu, su maido mana da amsa kafin wata ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maida kowa gidansa lafiya.