Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu: Yadda A Ke Biyan Masu Renon Yara Kuɗin Abinci A Amurka

Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne labarin wani shiri na Gwamnatin Amurka, wanda ta ke mayar wa mata masu renon 'ya'yan mutane a gidajensu kuɗin abincin da suka ciyar da yaran. An zaɓi wannan labari ne domin duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji, ko ya fita rangadi, zai gane inda ƙarfin shirin ya ke da inda rauninsa ya ke tun kafin a gaya masa.

A can ƙasar, galibi uwa da uba duka su kan fita aiki tun da safe. Saboda haka sai su kai yaro gidan wata mace wadda ta mai da reno sana'a, su biya ta. Yaron da ya yini a irin wannan gida, yawancin abin da zai shiga cikinsa a ranar daga tukunyar mai reno zai fito. In ta tsuke hannu, ko ta cika shi da kayan zaƙi don su ne masu araha, to, jikinsa ne zai biya bashin.

A shekarar 1968 Majalisar Dokokin Amurka ta fara gwada ba da taimakon abinci ga wuraren renon yara. A 1975 aka shigar da masu reno a gida, a 1978 kuma shirin ya zama na dindindin. Daga baya aka haɗa da wuraren kula da tsofaffi da marasa ƙarfi. Ma'aikatar Aikin Gona ta tarayya ita ke riƙe da kuɗin, ta miƙa wa jihohi, kowace jiha kuma ta ɗora aikin a kan ɗaya daga cikin ma'aikatunta, yawanci ta ilmi ko ta lafiya.

Amma fa mai reno ba ta zuwa wurin Gwamnati da kanta. Tilas ne ta sami lasin ko amincewar hukuma, kāna ta shiga ƙarƙashin wata ƙungiya wadda za ta tsaya mata, watau kamar uwar ɗaki. Ƙungiyar ce ke koya mata dokokin, ta karɓi takardunta kowane wata, ta duba, ta kai wa jiha, ta karɓo kuɗin ta ba ta. Abin lura shi ne, ba a ba da kuɗi a gaba. Sai ta sayi abinci da kuɗinta, ta dafa, yara sun ci, ta rubuta, sa'an nan a biya ta. Kuma ba a biyan fiye da cikakken abinci biyu da abin taɓawa ɗaya, ko cikakken abinci ɗaya da abin taɓawa biyu, ga kowane yaro a rana. Yaran da a ke lissafawa su ne 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, sai dai naƙasassu da 'ya'yan leburorin gona masu ƙaura, waɗanda aka yi wa sassauci.

To, wane irin abinci ne za a biya? Nan ne dokar ta yi tsanani. Wata doka ta 2010 ta umurci Ma'aikatar ta sake tsarin abincin, aka fito da sabon tsari a 2016, ya fara aiki ran 1 ga Oktoba, 2017. An kasa abinci gida biyar: madara, nama ko abin da ke maimakonsa, kamar kifi, ƙwai, wake, cuku, kindirmo da awara, kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, da hatsi. Abincin rana ko na dare sai ya haɗa duka biyar ɗin. Karin kumallo uku ya ke bukata, watau madara, da hatsi, da kayan lambu ko ɗan itace, ko da ya ke an yarda nama ko ƙwai ya tsaya a maimakon hatsi har sau uku a mako. Abin taɓawa kuwa, biyu daga cikin biyar sun isa. In aka rasa ko da ɗaya daga abin da aka ƙayyade, wannan abinci ya faɗi, ba a biyan ko santi ɗaya a kansa, ko da yaran sun ƙoshi.

An kuma ƙayyade awo. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, a abincin rana, a ba shi kashi uku cikin huɗu na kofin madara, da oza ɗaya da rabi na nama, da rubu'in kofi na kayan lambu, da rubu'in kofi na ɗan itace. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, wadda ta so ta ƙara ba wanda zai hana ta. Ɗan shekara ɗaya madara mai cikakken mai a ke ba shi. Daga shekara 2 zuwa 5 sai wadda aka rage wa mai ko aka cire shi sarai, kuma ba a sa mata zaƙi. Ruwan 'ya'yan itace sau ɗaya tak a rana. Lalle ne a kowace rana a sami abinci guda na hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Kek da biskit mai zaƙi ba su shiga lissafin hatsi. An hana tsoma abinci cikin tafasasshen mai a soya a gidan reno. An ce a ajiye wa yara ruwan sha duk yini, kuma kada a mai da abinci abin horo ko abin lada.

Jarirai suna da nasu tsari dabam. Daga haihuwa zuwa wata 5, nonon uwa ko madarar jarirai kaɗai. Daga wata 6 a fara haɗawa da abinci mai laushi gwargwadon yadda jaririn ya kai. Wani abin yabo a nan shi ne, in uwa ta zo gidan reno ta shayar da ɗanta da kanta, a kan biya mai reno kamar ita ta ciyar. An yi haka ne don kada mai reno ta ga shayarwa asara ce gare ta, har ta riƙa tura uwa ga madarar gwangwani.

Sai maganar rubutu, wadda malaman hakimai za su fi kowa ganewa. Kowace rana mai reno za ta rubuta yaran da suka zo, da abin da aka dafa, da wanda ya ci me, kafin ranar ta wuce. Ba a yarda ta bari sai ƙarshen wata ta zauna ta cika takarda da ka ba. Takardun kuma a ajiye su shekara uku. Ƙungiyar da ta tsaya mata tilas ta aiko mai duba gidan sau uku a shekara, biyu daga ciki ba sanarwa, kuma aƙalla sau ɗaya ya tarad da yara suna cin abinci ya gani da idonsa. In takarda ta ce yara shida, ya ƙirga ya sami uku, sai a bi iyaye a tambaye su. Wadda aka tabbatar ta yi ƙarya, ko ta ƙi gyara babban laifi, a kan cire ta, a sa sunanta cikin jerin waɗanda aka hana shiga shirin a duk ƙasar har shekara bakwai, ko fiye in ba ta biya abin da a ke bin ta ba. Su ma ƙungiyoyin ba a bar su sakaka ba, gama a ƙarshen shekarun 1990 masu binciken Ma'aikatar sun kama waɗansunsu suna cin kuɗin, har Majalisa ta ƙara tsananta dokar a 2000.

Saura kuɗin kansa. Dā duk gidaje awo ɗaya a ke biyansu. Dokar 1996 ta kasa su aji biyu, aka fara aiki da haka ran 1 ga Yuli, 1997. Aji na ɗaya shi ne gidan da ke unguwar talakawa, wadda a kan gane ta in rabin 'yan makarantarta ko fiye sun cancanci abinci kyauta ko da rangwame, ko kuwa gidan da ita mai renon ce mai ƙaramin ƙarfi. Sauran duka aji na biyu ne, sai dai in an nuna iyayen wani yaro talakawa ne, a biya nasa da awon aji na ɗaya. A kan sake farashin kowace shekara ran 1 ga Yuli bisa ga tsadar kaya. Daga Yuli 2023 zuwa Yuni 2024, in ban da wurare masu nisa irin su Alaska da Hawai, aji na ɗaya ya sami dala 1.65 a karin kumallo, dala 3.12 a abincin rana, santi 93 a abin taɓawa. Aji na biyu kuwa santi 59, da dala 1.88, da santi 25.

A ɗauki mace mai yara shida, tana ba su waɗannan uku, kwana ashirin a wata. Bisa farashin waccan shekara, in tana aji na ɗaya, abin da ta karɓa dala 684 ne. In tana aji na biyu, dala 326 da santi 40. Alhali kuwa dokar madara ɗaya ce, rubutun ɗaya ne, mai dubawa kuma zai ƙwanƙwasa ƙofarsu duka ba sanarwa. Niyyar masu dokar ita ce kuɗi ya tafi inda bukata ta fi yawa, kuma ba laifi a wannan niyya. Amma mata da yawa na aji na biyu sun auna wahalar da ladan, suka ga ba ta biya ba, suka fita. Da fitarsu kuwa, ba sauran mai leƙa tukunyarsu da sunan wannan shiri. Daga 1997 zuwa yanzu gidajen da ke cikinsa sun ragu da fiye da rabi, ko da ya ke wani sashe na raguwar ya zo ne daga barin sana'ar reno a gida da mata da yawa suka yi. A lokacin annobar korona, daga Yuli 2021 zuwa ƙarshen Yuni 2023, an biya dukan gidaje da awon aji na ɗaya. Da wa'adin ya cika, aka koma aji biyu kamar dā.